KIRSIMETI, HUNTURU DA HANYAR GIDA

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44; 28:1-10
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:3

Gabatarwa

  

Idan ka bi ta tashar mota ta Larle a nan Wagadugu cikin makon ƙarshe kafin Kirsimeti, wadda mu a nan muka fi saninta da Nowel, za ka ga abin da ya sa na rubuta wannan darasi. Tun da asuba mutane sun yi layi, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi ko rigar sanyi. Ga buhunan shinkafa, ga jarkokin mai, ga zabi an ɗaure musu ƙafafu, ga babur ana ɗora shi a kan mota. Wannan zai yi arewa zuwa Wahiguya, wancan zai yi yamma zuwa Bobo Julaso. A sauran tashoshin birni kuma akwai masu zuwa Fada Ngurma, da masu ƙetare iyaka zuwa Gana, Togo, Nijar ko Kwaddibuwa. Duka abu ɗaya ne a zuciyarsu: a isa gida kafin ranar 25 ga Disamba.

Yawancin masu jin Hausa a wannan birni baƙi ne, ko kuwa jikokin fatake waɗanda suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja suka zauna. Danginmu a warwatse suke, wani a Yamai, wani a Dogon Dutsi ko Maraɗi, wani a Kumasi ko Abijan. Ko a cikin birnin ma, tun da aka rushe tsohuwar unguwar Zangwetin a shekarar 2003, iyalan da dā katanga ɗaya ce ta raba su sun koma nesa da juna. Saboda haka kwanakin biki suna da nauyi a gare mu ƙwarai.

Wani ɗan'uwa ya same ni bayan sujada, ya ce, "Fasto, tsohuwata tana ƙauye can gaba da Fada. Shekara uku ban sa ta a ido ba. Ta aiko cewa lalle bana in zo da jikokinta. Amma ka san yadda hanyar take. In na ƙi tafiya, ashe ban zama marar bangaskiya ba?" Wataƙila kai ma kana da irin wannan tambaya. Bari mu buɗe Maganar Allah tare, gama akwai wani bawan Allah wanda ya yi tafiya a lokacin sanyi, ya kuwa sha wuya ƙwarai.

1. Marmarin gida abu ne mai kyau

Da farko kada kowa ya raina wannan marmari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Luka ya faɗa mana cewa Yusufu da Maryamu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa, tare da dangi da idon sani (Luka 2:41-44). Manzo Bulus ma, sa'ad da yake kurkuku a Roma, ya roƙi Timoti ya yi ƙoƙari ya iso wurinsa kafin lokacin sanyi, ya kuma taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa (2 Timoti 4:13, 21). Ka ga tsoho ke nan yana jin sanyi, yana kuma kewar ɗansa cikin bangaskiya. Haka tsohuwarka take ji in ta aiko maka. Girmama iyaye umarnin Allah ne, ziyara kuwa tana cikin girmamawa. In hanya tana da lafiya, kana kuma da halin zuwa, tashi ka tafi. Kada ka fake da aiki, gama ba ka san ko za ka same ta baɗi ba.

2. Bulus ya ce a dakata

A cikin karatunmu, ana kai Bulus Roma a jirgin ruwa, yana ɗaurarre a hannun wani jarumi mai suna Yuliyas. Da suka iso wani mashigi a tsibirin Karita, lokaci ya riga ya ƙure, don Ranar Azumi ta Yahudawa ta wuce. Wannan azumi yakan faɗo a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Lokacin sanyinsu ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne mai ƙura, nasu kuwa da ruwan sama da guguwa yake zuwa, har daga wajen tsakiyar Nuwamba zuwa Maris jirage sukan daina bin babban teku. Bulus ya san wannan, gama kafin ranan nan jirgi ya fashe da shi har sau uku (2 Korintiyawa 11:25). Sai ya gargaɗe su cewa in suka ci gaba za a yi hasarar kaya da jirgi, har rayuka ma suna cikin hatsari.

Amma jarumin ya fi yarda da maganar matuƙi da mai jirgin. Yawancin mutane kuma suka goyi bayan tafiya, domin mashigin ba shi da daɗin zama, suna so su kai wani da ya fi shi. Da wata iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ce buƙata ta biya. Ba su yi nisa ba sai ga guguwa daga arewa maso gabas. Kwana 14 tana jifa da su, ba rana ba taurari na kwanaki da yawa, suka zubar da kaya a teku, har suka fid da zuciya ga tsira.

Ɗan'uwana, ka lura da wanda ya ce a dakata. Mutumin da ya fi kowa bangaskiya a cikin jirgin nan shi ne ya ce kada a tafi. Waɗanda suka ce a tafi, ɗaya yana duban ribarsa, sauran suna duban jin daɗinsu.

Mu ma muna da tamu iskar arewa maso gabas, wato hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu takan kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta shimfiɗa mana hazo. Wata rana direba ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya zo daf da shi. Ga amalanken jaki marar fitila, ga babbar mota ta lalace an bar ta a kan kwalta da 'yan ganyaye a bayanta. A makon biki kuma motoci sukan ɗauki fiye da kima, direba ya je ya dawo ba barci, don kakarsa ke nan. Ba mu manta da ranar 15 ga Nuwamba 2008 ba, sa'ad da motar fasinja ta yi karo da babbar motar kaya kusa da Boromo a kan hanyar Bobo, wuta ta kama, mutum fiye da 60 suka rasu.

Ban da wannan, tun daga shekarar 2015 rashin tsaro ya shigo ƙasarmu, ya lalata hanyoyi da yawa na arewa da gabas. A watan Satumba 2022 an far wa ayarin motocin da ke kai abinci Jibo a garin Gaskinde, ko da yake sojoji suna rakiyarsa, aka kashe sojoji da farar hula. Wanda ya ce maka irin wannan hanya wasa ce, ba ya ƙaunarka.

Wani zai ce, "Ai Allah yana tsaron nasa." Gaskiya ne, Zabura 121 ta tabbatar mana. Amma ka tuna Shaiɗan ma ya kawo wa Yesu ayar tsaro daga Zabura, ya ce ya diro daga kan Haikali. Ubangiji ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne (Matiyu 4:5-7). Ka kuma tuna da Yusufu mijin Maryamu. Da yake dawowa daga Masar da yaron da uwarsa, ya ji Arkilawus ɗan Hirudus ne ke mulkin Yahudiya, sai ya ji tsoron zuwa can. Allah bai tsawata masa ba, ya ma gargaɗe shi cikin mafarki, ya ratse zuwa Galili (Matiyu 2:22). Magidanci wanda ya tambayi labarin hanya kafin ya ɗauki iyalinsa, sawun Yusufu yake bi.

3. Ba a fafe gora ranar tafiya

In ka yi addu'a, ka yi bincike, ka ga hanya ta biyu, to sai shiri. Sa'ad da Isuwa ya so su yi tafiya tare, Yakubu ya roƙe shi ya yi gaba, shi kuwa zai biyo a hankali daidai da ƙarfin yara da dabbobi masu shayarwa (Farawa 33:13-14). Mafi rauni a cikin ayari shi ne ma'aunin tafiya. Ga waɗansu shawarwari:

(a) Ka yanki tikiti da wuri, ka tashi kwana biyu ko uku kafin cunkoso. Wanda ya jira har 24 ga wata, kowace irin mota ya samu zai shiga.

(b) Ka yi tafiyar rana. Ka tambayi wanda ya biyo hanyar cikin makon nan, kada ka dogara ga labarin bara. Ka bi umarnin hukuma game da hanyoyin da aka hana bi.

(c) In ka ga direba yana gyangyaɗi, ko yana warin giya, ko yana gudun wuce kima, ka yi magana da ladabi. Bulus ɗaurarre ne amma bai yi shiru ba. In bai ji ba, ka sauka a gari na gaba. Hasarar kuɗin mota ta fi sauƙi.

(d) In da babur za ka, ka sa hular kwano, ka duba fitila da birki. Kada ka ɗora mata da yara uku da buhu a babur ɗaya.

(e) Da asuba sanyi yakan sauko wajen digiri 16 a Wagadugu, da rana kuma zafi ya haura 30. Ka ɗauki rigar sanyi da hula domin yara, da ruwan sha, da ƙyallen rufe hanci, da man kaɗe saboda kaushi da tsagewar leɓe. Mai asma da mai hawan jini su riƙe maganinsu a jiki, kada a cusa shi cikin kayan da ke saman mota.

(f) Lokacin ƙura shi ne lokacin sanƙarau. A ƙasarmu aka fara babban rigakafin sabuwar allurar sanƙarau a watan Disamba 2010, ta kuwa rage cutar ƙwarai, amma akwai irin da ba ta hanawa. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan take, kada a ce sai an gama biki.

(g) Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi mai kashe mutum cikin barci. A ɗuma ɗaki, a fitar da wutar, sa'an nan a kwanta.

4. In hanya ta tsare ka

Ko ka yi dukan waɗannan, mota tana iya lalacewa, ana iya rufe iyaka kamar yadda aka yi a shekarar 2020 saboda annobar korona, ana iya tsare ku a shinge har rana ta faɗi. A nan ne ake gane Kirista. Dubi Bulus a tsakiyar guguwa. Ya tuna musu sau ɗaya cewa da sun ji maganarsa, daga nan bai ƙara komawa kanta ba. Ya ƙarfafa su da alkawarin da Allah ya yi masa. Da gari ya kusa wayewa ya roƙe su su ci abinci, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, ya fara ci. Mutum 276 ne a jirgin, dukansu suka sami ƙarfin zuciya saboda mutum ɗaya.

Ina faɗa maka wannan da kunya, gama ni na taɓa fāɗuwa a wannan jarrabawa. Wata shekara, tun hanyar Yamai tana da lafiya, motarmu ta lalace da dare bayan mun wuce Kupela. An gayyace ni wa'azin Kirsimeti, ga shi zan makara. Na fi kowa faɗa da yaron mota, Littafi Mai Tsarki kuwa yana hammatata. Muna cikin haka sai wani tsoho Musulmi daga ƙauyen da ke gefen hanya ya fito da karan dawa, ya hura wuta, ya kira mata masu goyo su matso. Matarsa ta kawo kunu a ƙwarya. Ba su san sunan ko ɗayanmu ba, ba su kuma karɓi ko dala ba. Na zauna bakin wutar nan, na ga wa'azin da na shirya ya riga ni isowa ta hannun wani.

Abin da ya faru a Malita ke nan. Jirgi ya farfashe, amma kowa ya kai gaci da rai. Mutanen tsibirin, waɗanda ba su san Almasihu ba, suka hura musu wuta saboda ruwa da sanyi. Bulus kuwa, da jiƙaƙƙun tufafinsa, ya shiga tattara itace yana ƙarawa. Wata uku suka yi a wurin da ba ya cikin shirinsu. A cikin watannin nan mahaifin Babiliyas shugaban tsibirin ya warke ta wurin addu'ar Bulus, sauran marasa lafiya ma suka zo suka warke. Jinkirin da ya ɓata lissafin matuƙi ya zama albarka ga Malita. In ka makale a tasha ko a bakin hanya, ka duba kusa da kai. Akwai tsohuwar da ba ta da mayafi, akwai uwar da ruwanta ya ƙare. Ka nemi itacen da za ka ƙara a wuta.

5. In ka isa gida

Akwai hatsarin da ke jiran mutum bayan ya sauka lafiya. Sa'ad da Yusufu ɗan Yakubu ya sallami 'yan'uwansa daga Masar su je su kawo mahaifinsu, ya ba su guzuri da tufafi, ya kuma ja musu kunne kada su yi faɗa a hanya (Farawa 45:24). Ya san halin 'yan'uwa. Mutane sukan yi tafiyar kilomita 360 daga Wagadugu zuwa Bobo cikin ƙura, su zauna kwana biyu, su rabu ba sa ga maciji. Maganar gonar gado ta taso. An tambayi wanda ya fi aiko wa tsohuwa kuɗi. An yi wa matar wani gorin haihuwa. An auna tsarabar ƙane da ta wa.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a ranar biki ake shari'ar gado ba. In akwai magana mai nauyi, a sa mata wata rana, a kira dattawa. In akwai wanda kuke gaba da shi, ka riga shi gaisuwa tun ranar da ka sauka. Karin Magana 17:1 ta nuna cewa busasshen abinci cikin kwanciyar rai ya fi gidan da ya cika da nama da husuma. Saboda haka kada ka ci bashi domin a ce ɗan birni ya zo. Kuɗin makarantar yara yana jiranka a Janairu. Ku maza, ku tuna da matan da suke tashi cikin sanyin asuba su ɗebo ruwa su dafa wa mutum ashirin. Ku sa matasa su taimaka, domin su ma matan su sami zuwa sujada. In kuwa danginka ba masu bi ba ne, haƙurinka da ladabinka su ne Bisharar da za su fara karantawa.

6. In ba ka sami tafiya ba

A shekarar 2023 hukuma ta ƙidaya mutum fiye da miliyan 2 waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Burkina Faso. Da yawa suna nan a gefen birni, waɗansu a benci ɗaya muke zama da su ran Lahadi. Su ba su da ƙauyen da za su koma. Ka san yadda yaran Wagadugu suke gina 'yan ƙananan ɗakuna na laka da tubali a ƙofar gida gab da Nowel, su shafa musu fenti, domin tunawa da wurin da aka haifi Yesu. In ka wuce su bana, ka tuna cewa Mai Cetonmu a kan tafiya aka haife shi, nesa da Nazarat, a garin da ba a sami masauki ba (Luka 2:1-7), daga baya kuma ya zama ɗan gudun hijira a Masar. Ya san zafin baƙunci.

Yesu ya koya mana mu gayyaci waɗanda ba za su iya rama mana ba (Luka 14:12-14). In hanya ta hana ka zuwa gida, ka buɗe naka gidan. Ka kira ɗalibin da bai sami kuɗin mota ba, da gwauruwa, da iyalin da suka gudo daga arewa. Ka aika wa maƙwabcinka Musulmi kwanon shinkafa, yadda shi ma yakan aiko maka da nama ranar Layya.

Kammalawa

Ɗan'uwan nan da ya tambaye ni, ban ce masa ya tafi ba, ban kuma ce kada ya tafi ba. Mun karanta wannan sura tare, muka yi addu'a, na ce ya tambayi mutanen da suka san hanyar, ya kuma yi shawara da matarsa. Da ya ji labarin hanya, sai ya fasa kai yara. Ya kira tsohuwarsa a waya, ya faɗa mata gaskiya ba tare da ƙaryar aiki ba. Ta yi kuka, shi ma ya yi. Ya aika mata da kuɗin motar da bargo biyu, ya kuma fara neman yadda za a fito da ita zuwa Fada in hali ya yi, su sadu a can. Ban sani ba ko Allah zai ba su wannan saduwa a duniya. Muna roƙo ya ba su. Amma na tabbata ɗan'uwan nan bai yi zunubi ba, bangaskiyarsa kuma ba ta ragu ba.

Kai ma, ko za ka tafi ko za ka zauna, ka sa shirinka a ƙarƙashin nufin Ubangiji (Yakubu 4:13-15), ka yi amfani da hankalin da ya ba ka.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa jarumin ya fi yarda da matuƙi da mai jirgi fiye da Bulus? Muryar wa kake bi in za ka yi tafiya?
2. Mene ne bambanci tsakanin dogara ga Allah da gwada Allah? Ka duba Matiyu 2:22 da 4:5-7.
3. Wane ne a danginka ya kamata ka riga shi gaisuwa bana?
4. Wane ne a ikilisiyarku ko unguwarku ba shi da inda zai ci Kirsimeti? Me za ka yi masa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyaye da dangi da ka ba mu. Ka kiyaye dukan masu tafiya a wannan hunturu, da direbobi, da yara ƙanana. Ka ba mu hikimar sanin lokacin tashi da lokacin dakatawa. Ka ta'azantar da tsofaffin da ke jiran 'ya'yansu, da waɗanda aka raba da gidajensu. Ka kawo salama a ƙasarmu da hanyoyinta, ka kuma sa salamarka a gidajen da za mu taru. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.